Tumbin Farfesa a Fiksel Ɗari

Duk faɗin dandalin masu kiwon kaji na intanet, babu kamar Farfesa. Ba jami'a ce ta ba shi sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, ai mai abu shi ya san darajar abinsa. Saƙonninsa a dandalin sun haura dubu uku. Ka tambayi maganin zawon 'yan tsaki, sai ya ɗauko maka tarihin kaza tun daga ƙwai. Allah ya yi masa baiwar sanin kiwo ba tare da ya taɓa shiga keji ba, don warin kashin kaji yana tayar masa da mura. 'Yan ƙananan ayyukan nan na shara da ba da ruwa da allura da kwasar ƙwai, matarsa ya bar wa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Da aka ce dandali zai zaɓi shugaba, wanda zai riƙa zama da kamfanonin abincin kaji a madadin kowa, Farfesa bai jira ƙuri'a ba, ya bugo kati mai ɗauke da "Shugaba". Shi ne ma ya kawo shawarar a kulle shafin kowa tsawon makon zaɓe, kada wani ya sauya hoto ko suna don ya yaudari jama'a. Aka yaba masa, aka karɓa. Abu ɗaya ya rage masa kafin a kulle: ya gyara sa-hannunsa, wato ɗan hoton nan da ke fitowa a ƙasan kowane saƙo da mutum ya rubuta.

Hoton kuwa yana da shi, na ranar baje kolin kaji. Ga shi tsaye da babbar riga da doguwar hula, hannunsa ɗaya a kan motar maƙwabcinsa. Gefensa matarsa ce zaune a kujera, rungume da kofin da aka ba ta na kajin da suka fi lafiya.

Sai dai mai kula da dandalin, wani tsohon likitan dabbobi, ya kafa doka: hoton sa-hannu kada ya wuce fiksel ɗari huɗu a faɗi, ɗari a tsayi. Dalilinsa, wai manyan hotuna suna cinye wa mutane data. Farfesa bai yarda da wannan zance ba.

"'Yan uwa," ya rubuta, "wannan doka ta mahassada ce. Yaya za a auna mutum irina da ma'aunin da ake auna mai kaji bakwai? Amma ni mai bin doka ne, zan nuna muku yadda babba yake shiga ƙaramar ƙofa."

Ya saɓa riga ya nufi shagon ƙanwarsa, wadda take buga takardu da gyaran hotuna. Ta buɗe hoton a kwamfuta, ta ja ɗan akwatin yanka, siriri kamar bel.

"Yaya, zaɓi za ka yi. Ko fuska, ko kofi. Duka ba za su shiga ba."

"A sa fuska, da hula, da kofi, da mota. Matar kuma a cire ta."

Ta gwada cire matar. Kofin ya tsaya a iska, da hannaye biyu masu lalle riƙe da shi, babu mai su. Ta rage girman hoton gaba ɗaya don kowa ya shiga. Farfesa ya koma kamar ƙwayar gero, sai da ya sa tabarau kafin ya gano kansa. Ya ce a danne shi daga sama a baje shi. Ta danne. Sai ga Farfesa ya zama kwaɗon da mota ta taka, hular ta koma faifai. Ƙanwar ta juya baya tana tari, irin tarin da ke zuwa da hawaye.

"Ba ki iya ba ne," in ji shi. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na'urar dandali ta fi ki sanin manya. Zan ba ta hoton yadda yake, ita za ta zaɓi abin da ya fi muhimmanci."

Ta ce masa dandalin tsakiyar hoto kawai yake yankowa, ya watsar da sama da ƙasa. Bai ji ba, ya riga ya kai bakin ƙofa.

Saura minti biyar a kulle shafuka ya ɗora hoton da hannunsa mai albarka, ya ajiye wayar, ya tafi ya sanar da majalisarsa cewa zaɓe ya ƙare.

Na'ura ba ta san Farfesa ba. Ta yanko tsakiya kamar yadda take yi wa kowa. Hula ta tafi, fuska ta tafi, mota ta tafi. Abin da ya rage shi ne fuskar matarsa tana murmushi, da kofi, da wani ƙaton tumbi a gefe wanda ya cika kusan rabin hoton. Kuma da yake sa-hannu yana bin kowane saƙo, tsoho da sabo, tumbin ya bayyana sau dubu uku da 'yan kai. Da Farfesa ya gani, ya yi ta danna maɓallin gyara, shafi a kulle, bisa dokar da wani mai hangen nesa ya kawo.

Sai wata mata ta rubuta cewa ta gane fuskar nan, ita ce ta nuna mata yadda ake ceto 'yan tsaki a wurin baje koli. Wani ya ce shi ma ita ce ta gyara masa keji. Kafin la'asar an buɗe mata shafi, an tsayar da ita takara, alhali ita tana can tana wanke mazubin ruwa. Ranar ƙidaya Farfesa ya samu ƙuri'a biyu: tasa, da wadda matarsa ta jefa masa don kada a ji kunya a gida.

Ya kai ƙara wurin tsohon likitan, ya ce a goge hoton, an ci mutuncinsa. Likitan ya amsa a bainar jama'a.

"Haba Farfesa, me za a goge? Tun da aka buɗe dandalin nan ba a taɓa sa hoton da ya cika sharuɗɗa kamar naka ba. Ga mai kiwon, ga kofin, ga kuma inda kajin suke tafiya."