Rasuwar Gadon da Doya Ta Riga Jaririya Kwana a Ciki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ƙugu da har yanzu bai daina tsami ba, Gafaru Osumanu, mai sayar da doya a kasuwar Agbogbloshie, mazaunin Nima ta bayan babbar kwata, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar gadon jaririyarsa. Rai ya yi halinsa ranar Lahadin da ta wuce bayan la'asar, a tsakar gidan surukarsa Hajiya Abiba mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a Maamobi. Marigayin ya cika a gaban shaidu masu yawa, fiye da yadda mai shi ya so.

Ba a san ranar haihuwar marigayin ba. Abin da aka tabbatar shi ne ya iso ƙasar nan ta jirgin ruwa, a tsakanin tsofaffin firji da kekuna, bayan ya gama rainon wani ɗan Turawa da ya bar masa shatin haƙora a kafaɗa. Fari ne, na katako, mai ƙafa huɗu da taya a kowace ƙafa. Babbar baiwarsa ita ce gefensa ɗaya yana sauka ƙasa, a jingina shi da gadon iyaye, uwa ta miƙa hannu ta taɓa ɗanta ba sai ta tashi ba. Ba shi da surutu. In an tura shi ya ce "ƙyau, ƙyau," in an sauke gefensa ya ce "ƙwas," ya ja bakinsa ya yi shiru.

Duk wanda ya san yadda aka zaɓo shi ba zai yi mamakin hawayen Gafaru ba. Tun cikin matarsa Mubarika bai gama fitowa ba, kuma cikin fari ne, mutumin nan ya yanke sanda daidai tsayin gadonsu. Sannan ya shiga rumfarsa ya zaɓi doya guda, santaleliya, wadda ya auna a hannu ya ce nauyin jariri ke nan, ya naɗe ta da tawul. Da sandar nan da doyar nan ya riƙa yawon Lahadi, daga unguwar Malam zuwa unguwar Madina, duk inda aka ce masa ana sayar da kayan jarirai. Akwai ranar da wata baiwar Allah a cikin motar haya ta trotro ta matsa masa wuri, ta ce Allah ya raya, ta ɗaga tawul don ta ga fuska. Da ta ga doya ce, sai ta mayar da tawul ta juya wajen taga har ta sauka.

Gadaje da yawa sun faɗi jarrabawa a hannunsa. Wani sandunan gefensa sun yi faɗi har kan doyar ya zura waje. Wani katifarsa ta yi laushi, doya ta nutse ta kifa. Wani kuma yana lilo, da aka kaɗa shi doyar ta gangara ta bugi bango. Masu shaguna sun gane shi, har wani a Madina ya hango shi daga nesa ya ɗaga murya ya ce, "Maasa, yaya jikin yaro? Bai fara tsiro ba?" A shagon mai tsiyar nan ne kuwa Allah ya haɗa shi da marigayin. Aka gwada sanda, tsayi ya zo cif kamar tare aka sassaƙe su. Aka kwantar da doya, ta kwanta lafiya. Mai shago ya yi masa gargaɗi ɗaya, cewa gadon nan aikinsa yana ƙarewa ranar da jariri ya iya zama da kansa. Gafaru ya ce ai da sauran lokaci.

Ya auna komai, bawan Allah, sai abu ɗaya. Bai tambayi kowa a wane ɗaki jaririyar za ta kwana ba. Kowa a unguwannin Zango ya san haihuwar fari a gidan uwar mace ake wankanta, shi ma ya sani, amma zumuɗi ya shafe masa. Ranar da aka sallami Mubarika daga asibiti, yana gaban tasi yana nuna wa direba kwanar gidansu, Hajiya Abiba daga baya ta ce, "Direba, miƙe Maamobi." Direba ya dubi fuskar Gafaru, ya dubi ta Hajiya a madubi, ya san wadda za a bi.

Haka marigayin ya fara aikinsa da jira. Yana jingine da gadon Gafaru, an ɗaura masa gidan sauro, an shimfiɗa masa zane mai hoton agwagi, doya tana riƙon ƙwarya a ciki. Aka yi suna a Maamobi, yarinya ta ci sunan Hamdia. Aka yi arba'in, Gafaru ya share ɗaki ya turara shi, sai saƙo ya zo cewa bayan Mubarika bai yi ƙwari ba, za a ƙara mata ruwan zafi. Da aka ƙara, Hajiya ta ce ita ta ji labarin sauron bayan kwata, ba za ta kai musu jikarta su yi walima ba.

A nan ne abin ya daina zama na dariya ga Gafaru. Kullum in ya tashi daga kasuwa sai ya bi ta Maamobi, ya zauna a benci kamar mai jiran a zuba masa abinci. A miƙo masa Hamdia, kafin ya gama kallon yatsunta an karɓe, wai za a yi mata wanka. Yarinyar ta san fuskar masu sayen waakye, tana yi musu murmushi. Wata yamma shi ya ɗauke ta, ta yi masa kallon baƙo, ta taɓe baki ta fashe da kuka. Ya yi dariya a gaban mutane, amma abin ya ci shi ƙwarai. Ya koma Nima a ƙafa, ya tarar da doya ta yi tsiro a cikin gado.

Washegari ya ɗauki shawarar da ta zama sanadin ajali. Ya ce tunda jaririya ba ta zo wurin gado ba, gado zai je wurinta, Hajiya ta gani da idonta irin tanadin da aka yi. Aka ɗora marigayin a bayan aboboyaa, babur ɗin nan mai ɗaukar kaya, Gafaru yana rungume da shi a kowane rami. Sai da aka shiga da shi ɗaki aka ga ashe Mubarika a katifar ƙasa take kwana. Gadon da aka auna da sanda ya tsaya can sama a kanta kamar bene, in aka sauke gefensa yarinya faɗowa za ta yi. Hajiya ta zagaya shi, ta tura shi da ƙafa, ya ce "ƙyau, ƙyau." Idonta ya tsaya a kan tayoyin, ta ce a bar shi nan, ba za a rasa abin yi da shi ba.

Ba a rasa ba kuwa. Marigayin, wanda aka yi don rai mai nauyin doya ɗaya, ya koma ɗaukar buhun shinkafa, da na wake, da tukunyar miya, da bokitin dafaffen ƙwai. Kowace safiya ana tura shi daga tsakar gida zuwa bakin titi, da rana a turo shi da kwanonin wanke-wanke. Bai taɓa ƙorafi ba. Jinyarsa ta fara da tayar baya, wadda ta fice ta faɗa kwata ba a sake ganinta ba. Daga nan ya kama ɗingishi, aka ɗaure masa ƙafa da robar taya. Farin jikinsa ya koma ja saboda man shito, miyar barkonon da ake zuba wa waakye. Muryarsa ma ta canza, "ƙyau, ƙyau" ta zama wani dogon "ƙiiii" da ke sa karnuka ɗaga kai. Gafaru yana ganin duk wannan, kunyar suruka ta hana shi buɗe baki.

Ranar Lahadin da abin ya faru, ya shigo ya tarar an kewaye Hamdia da matasai, ana koya mata zama. Nan take ya tuna gargaɗin mai shago. Mubarika ta ja shi gefe ta ce, "Ka yi wa Mma magana yau. Ni ma na gaji, ruwan zafin nan na dahu kraa. Gida nake so."

Ya sauke buhunan da ke kan marigayin, ya wanke shi da sabulu, ya mayar masa da katifarsa da zanen agwagi. Ya gyara zaman hularsa, ya je ya durƙusa gaban Hajiya, wadda ke zaune tana tsince wake da matan gidan kewaye da ita. Ya ce ya zo roƙon iyalinsa, ga kuma wurin kwanan yarinya an gani.

Hajiya ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Mai doya, wannan kejin kaji za ka sa jikata? Abin da buhu ɗaya yana sa shi kuka?"

Ya ce, "Mma, wallahi yana da ƙarfi paa. Ko babban mutum zai ɗauka."

Ta ce, "To."

Masu ta'aziyya su lura, "to" kawai ta ce. Babu wanda ya ce masa ya shiga. Amma mutumin da 'yarsa ta yi wa kallon baƙo ba a yi masa hisabi da hankalin sauran mutane. Gafaru ya tuɓe takalmi, ya tattare babbar riga, ya yi bismilla, ya ɗaga ƙafa ya shiga gadon jariri a gaban surukarsa. Ya zauna, gwiwoyinsa a kunnuwansa. Marigayin ya yi iya ƙoƙarinsa, a yi masa wannan shaida, har Gafaru ya samu damar buɗe baki ya ce, "Kin gani, Mma?" Sai aka ji "ƙiiii." Aka ji "ƙwas." Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "rugum."

Gefuna huɗu suka baje, kowane ya kama gabansa. Gafaru ya samu kansa a rigingine a kan 'yar katifa, ƙafafu a sama, hula tana gangarawa wajen murhu. Matan gida suka toshe baki da mayafi. Cikin shirun nan sai aka ji wata ƙaramar murya ta ƙyalƙyale. Hamdia ce, daga cikin matasanta, tana dariyar da ba a taɓa jin ta yi ba, tana miƙo hannu biyu wajen mutumin da ke kwance a ƙasa. Mubarika ba ta nemi izinin kowa ba. Ta ture ɓaraguzan katako da ƙafa, ta ɗauko yarinya ta kifa ta a ƙirjin ubanta. Hamdia ta damƙi gemunsa ta ja, ta ƙara dariya, ta kwantar da kai. Kafin Hajiya ta gama tsince waken da ya zube, yarinyar da ta hana gidan nan barci wata da watanni ta yi barci.

Gafaru ya yunƙura zai tashi, Hajiya ta ce, "Kar ka motsa." Bai motsa ba har aka kira magariba, hawaye yana gangara masa cikin kunne, ya ce wa mutane zafin ƙugu ne. Ta haka marigayin ya cika burinsa a kan gaɓa: ya ɗauki Hamdia sau ɗaya a rayuwarsa, ko da yake akwai uba a tsakani. Daga bisani Hajiya ta ce, "Jumma'a ka zo ka kwashi iyalinka. Amma gidan sauro ni zan zo in ɗaura da hannuna. Kuma ka nemo mini baro, tunda ka kashe mini nawa."

Marigayin ya rasu ya bar katifa ɗaya, da zanen agwagi, da tayoyi uku waɗanda yaran unguwa suka riga suka raba gado. Ya bar aminiyarsa sandar awo, wadda Hajiya ta karɓa don korar awaki. Ya kuma bar doyar da ta fi kowa morarsa, yanzu tana cikin tsohon bokiti a bayan ɗakin Nima, ta yi ganye, Gafaru ya hana a ci.

An tuntuɓi limamin unguwa kan batun salla, ya ce katako ba ya buƙata, ya kuma roƙi a daina aiko masa da irin wannan tambaya. Saboda haka za a yi jana'iza ranar Jumma'a da hantsi a gidan Hajiya Abiba, inda za a faskara marigayin a sa shi ƙarƙashin tukunyar wankan Mubarika na ƙarshe, ya tafasa ruwan da zai sallame ta. Daga nan za a rako iyali a ƙafa zuwa Nima. Za a yi zaman makoki a ɗakin Gafaru da ke bayan babbar kwata, kuma ba a buƙatar kowa ya zo da gado, ko shawara a kan gado. Masu zuwa gaisuwa su yi sallama a hankali. Akwai yarinya tana barci a ciki.