Ɓarawon Yara a Filin Garki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya kusa jawo wa wani bawan Allah dukan kawo wuƙa ba.

Ni kocin ragbi ne a Garki ta Abuja (wasan nan da ake rungumar ƙwallo mai kama da gwanda a ruga da gudu). Samari 'yan ƙasa da shekara sha takwas nake horarwa. Ciwon kanmu ɗaya ne: ka ɗauko yaro bai san komai ba, ka sha rana a kansa, da ya fara haske sai babban kulob ya lallaɓo, ya ba shi sabon takalmi da alkawarin fita waje, yaron ya sa hannu a kwantiragi. Tsakaninmu kociyoyi, masu wannan sana'a sunansu ɓarayin yara. Mun sha zama kan a gyara doka, kada a ɗauki yaro sai da sanin wanda ya raine shi, amma kullum sai a sha lemo a watse.

A lokacin ina da Bulus, ɗan ƙauyen Yangoji da ke zaune wurin yayarsa. In ya ruga, sai ka ga mutum uku rataye a jikinsa yana tafiya da su. Ko tari ya yi sai gabana ya faɗi.

Wata Asabar muna atisaye, na hango wani mutum da baƙin tabarau ya yafito shi. Ya dafa kafaɗarsa, ya ja shi wajen mota, ya buɗe but. Na ce a raina shi ke nan, takalmin ne. Na kwasa da gudu (tumbina na gaba, ina biye) ina ihu: "Ɓarawon yara! Ku tare shi! Ɓarawon yara!"

Na manta filinmu jikin kasuwa yake, kuma a kasuwa wannan kalma ma'anarta ɗaya ce. Kafin in isa, 'yan dako da direbobin tasi sun kewaye motar. Mai shayi ya zo da katakon bencinsa. Mutumin ya ɗare saman mota yana kiran sunan Yesu.

"Koci, kawuna ne!" in ji Bulus, kamar zai yi kuka.

Na leƙa but ɗin. Doya ce shaƙe, da wata zabuwa ɗaure tana harara ta.

"Oga," in ji kawun daga sama, da gurguwar Hausarsa, "mama shi ne ya ce in kawo. Rabi ma naka ne, wai a gode maka."

Wani Alhaji mai shagon atamfa, Bakatsine, ya juyo gare ni. "To malam, ɗan wa aka sata?"

Na fara kame-kame. Na ce ba irin wannan satar ba, satar kwantiragi nake nufi, wato a wasanmu... Ya ce wane wasa? Na ɗaga ƙwallon da ke hannuna. Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ce, "Ita kanta ƙwallon ba lafiya gare ta ba, balle mai ita." Kasuwa ta kwashe da dariya, har yarana. Da ƙasa za ta tsage, wallahi da na shige.

Wani mutum mai fara'a, sanye da farar shadda, shi ya kashe wutar. Ya ba jama'a haƙuri, ya sauko da kawun, ya saya masa ruwan sanyi, ya karɓi lambarsa wai don ya ji ko ya isa gida lafiya. Ni kuwa na riƙe hannunsa ina ta godiya, har da cewa irinsu sun yi ƙaranci a Abuja.

Sati na zagayowa Bulus bai zo atisaye ba. Ashe mai farar shaddar wakilin babban kulob ne, ya jima yana neman hanyar da zai kai ga dangin yaron, ni kuma na haɗa su da hannuna. Kawun da kansa ya shawo kan uwar, ya ce gara yaro ya bar wurin mahaukaci.

Abin da na koya shi ne, ɓarawon gaske ba ya zuwa da baƙin tabarau, shi ke rabon faɗa. Har yanzu ina zuwa zaman gyaran dokar, sai dai in an ba ni dama in yi magana, "masu zawarcin 'yan wasa" nake cewa, kuma ƙasa-ƙasa.