Duba-Garin da Ya Ɓoye Zawo a Jirgin Ruwa

Shekarata saba'in da bakwai a duniya, kuma bana shekara uku ke nan da aukuwar abin da zan ba ku labari. Al'amura da dama sun soma zame mini a ƙwaƙwalwa, har sunayen jikokina nakan cakuɗa, amma wannan kam ya ƙi gushewa, kuma ba na tsammanin zai gushe har a kai ni makwanci.

Ya wajaba ku fara sanin ko ni wane ne, domin sai kun ga inda nake tsaye za ku gane nisan inda na faɗo. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin duba-gari. Na soma a Ƙaura Namoda, zamanin da jirgin ƙasa ke shigowa da busa, 'yan dako na loda gyaɗa da auduga a tasha, gari na ƙamshin ƙuli-ƙuli da hayaƙin gawayi. Daga nan aka kai ni Shinkafi, sa'an nan Zurmi. Kakina kullum a goge, kekena kullum a wanke, ga dogon ludayi da nake zurawa cikin randa don neman 'ya'yan sauro. Da mata sun ji ƙararrawar keken nan, sai ka ji tsintsiya ta tashi a kowane gida. Mahautan Kasuwar Daji kuwa, tun daga nesa suke soma korar ƙuda da gaske. (Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Tsorona suke ji, amma ba wanda bai zo sunan 'ya'yana ba.) A shekarun da amai da gudawa suka addabi ƙauyuka, ba abin da ya fi ƙona mini rai irin mai gidan da zai ɓoye majinyaci a ɗaka, ya fito zaure ya rantse mini cewa kowa lafiya lau. Na yi wa irin waɗannan faɗa iyakar ƙarfin muryata.

To, ɗana Bashiru injiniya ne a Jidda. Shi ya kira mu Umra, ni da uwargidana Hajiya Rabi, da kuma surukinsa Malam Sahabi na Moriki, tsohon hedimasta. Ni da Sahabi aji guda muka zauna tun muna 'yan makaranta, tabarma guda muka kwana a kai, kuma 'yarsa Maryam ita Bashiru ke aure. Bayan mun kammala ibada, sai Bashiru ya ce ya shirya mana, har da shi da Maryam, hutun mako guda a jirgin ruwan shaƙatawa, irin wanda ke yawo da mutane a Bahar Maliya, ba don ya kai su ko'ina ba, sai don su ci, su sha, su kalli ruwa.

Ni da iyakar ruwan da na sani shi ne gulbin Gagare in ya cika da damina, sai ga ni cikin wani abu mai hawa fiye da goma, da kasuwarsa, da asibitinsa, da ɗakin salla. Gari ne sukutum aka ɗora bisa teku. Da shigata, tsohon aiki ya motsa. Na shafa yatsa a bakin taga, ban ga ƙura ba. Na leƙa makewayi, na gyaɗa kai. A ƙofar ɗakin cin abinci an jera famfuna da sabulu, ga ma'aikaciya tsaye tana murmushi, ba mai wucewa sai ya wanke hannu. Na ce wa Sahabi, "Ka gani? Abin da na yi shekara talatin da biyar ina hwaɗa ke nan."

Ranar farko na wanke da alfahari. Rana ta biyu na soma jin abin ya zama raini. Mutum ya fito daga salla, hannunsa da laimar alwala, a tare shi a gaban jama'a a ce ya koma famfo? Kuma wai ni? Sai na koyi dabara: in na iso, in ɗaga mata hannuwana masu danshi, in ce da Turancina na mutanen da, yanzu na wanke. Ita kuwa, ganin furfura da babbar riga, sai ta kauce. Sahabi shi kam kullum sai ya tsaya ya cuɗa sabulu har tsakanin yatsu.

"Hedimasta," na ce masa, "har yau kana tsoron bulala?"

"Alwala tsarki ce, Duba-gari," in ji shi, "amma ban ji malamin da yac ce ta kori sabulu ba."

Akwai wani abu kuma da bai kwanta mini ba a jirgin nan, wato kowa ya ɗauki farantinsa ya zauna yana ci shi kaɗai kamar wanda aka yi wa fushi. Mu ba haka muka tashi ba. Na sa Bashiru ya roƙo mana babban tire, muka riƙa juye shinkafa da nama a ciki, mu biyar dattawa: ni, da Sahabi, da wani Alhaji daga Maraɗi, da wasu bayin Allah biyu 'yan ƙasarmu. Muka ajiye cokali, muka sa hannu. Wallahi na ji daɗin zaman nan, domin ya tuna mini da cin tuwo a zauren mahaifina. In na ci karo da tsoka mai laushi, sai in yage ta in tura gaban Sahabi, saboda haƙoransa sun riga nawa ritaya.

Ranar Litinin da hantsi cikina ya soma juyawa. Kafin azahar na ziyarci makewayi sau huɗu. A wannan yinin ne kuma aka yi shela ta lasifika, aka kuma turo takarda kowane ɗaki: an sami wasu fasinjoji da amai da zawo, cuta ce mai saurin yaɗuwa ta hannu da abinci, don haka duk wanda ya ji alama ya sanar da asibitin jirgi nan take, ya kuma zauna a ɗakinsa.

Hajiya Rabi ba ta karanta boko, amma tana ƙirga zirga-zirgar mijinta. Ta ce, "Alhaji, wagga shela da kai take. Ka hwaɗa wa yaron nan Bashiru ya kai ka asibiti."

Na ce, "Canjin ruwa ne kawai. Ni zan gaya wa mutane mene ne annoba, ba su za su gaya mini ba."

Gaskiyar magana, wadda ban faɗa mata ba, ita ce kunya. Duk Hausawan jirgin nan sun san aikina, domin ni da bakina na sanar da su tun ranar farko. Ina zan sa fuskata a ce duba-gari ne aka fara killacewa? Ga kuma surukata Maryam, wadda ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. Na jiƙa jar kanwar da Hajiya ke yawo da ita, na sha, na ɗaure fuska. Na je salla, na yi musabaha da kowa. Na zauna gaban tire, na ɗan taɓa kaɗan don kada a gane, na kuma tura wa Sahabi tsokarsa kamar kullum. Haka na yi Litinin, haka na yi Talata.

Ranar Laraba bayan la'asar, muna ɗakin salla mu wajen ashirin, mata na daga baya, zancen cutar nan ya tashi, hankalin mutane ya soma ɗagawa. Sai Alhajin Maraɗi ya ce, "Jama'a, muna da masani a cikinmu muna ta surutu. Alhaji, tashi ka yi mana nasiha."

Da mai hankali ne, da ya ce ba ya jin daɗi. Ni kuwa sai na miƙe, na gyara hula, na saɓa hannun riga a kafaɗa. Rabona da a tara mini mutane haka tun ranar da aka yi mini walimar ajiye aiki. Na yi musu bayanin ƙuda, na yi na ruwa, na yi na sabulu. Murya ta dawo mini kamar ina tsakiyar kasuwar Shinkafi. Ina hango Hajiya Rabi ta sunkuyar da kai tana jan carbi da sauri, na ɗauka tasirin wa'azi ne. Sa'an nan na zo kan abin da na fi ƙwarewa.

"Amma mafi sharrin mutane a lokacin annoba," na ce, ina nuni da yatsa, "shi ne wanda cuta ta kama, ya ɓoye saboda girman kai. Wannan ba kansa ya cuta ba, al'umma ya ci amana!"

Ban rufe baki ba cikina ya amsa. Ƙugi ya yi, irin wanda har sahu na uku aka ji. Gumi ya keto mini. Wani abu ya taso daga ƙasa, wani ya taso daga sama, kowanne na neman a fara sallamarsa. Na ce, "Wassalamu alaikum," a tsakiyar jimla, na tattare riga na nufi ƙofa. Ƙofar kuwa tana bayan sahun mata. Daidai gaban Maryam amai ya ci ƙarfina, ban sami abin tara ba sai hannun babbar rigata, farar shadda mai aiki wadda na ɗinka musamman don wannan tafiya. (Sauran abin da ya auku tsakanin ƙofar nan da makewayi, na bar shi tsakanina da Mahaliccina da wanda ya wanke wandon.)

Kafin in fito, ma'aikata sun iso da safar hannu da takunkumi. Sun rufe ɗakin salla, suna feshi, suna rubuta sunan duk wanda ke ciki. Aka wuce da ni asibitin jirgi, Bashiru da mahaifiyarsa na biye. Ma'aikaciyar jinya ta ɗauko takarda, ta soma jero mini tambayoyi da Turanci, tambayoyin da na san su kamar sunana. Yaushe ya fara? Sau nawa? Da wa ka ci abinci?

Na ce yau da safe ya fara.

Hajiya Rabi ta dubi ɗanta. "Mi yac ce mata?"

"Ya ce yau da safe, Inna."

"Alhaji, ka ji tsoron Allah. Tun Litinin da hantsi. Kai, hwaɗa mata tun Litinin. Ka hwaɗa mata kuma su biyar ke cin tire guda da hannu."

Bashiru ya dube ni, ya dubi uwarsa, ya dubi ƙasa. "Baba, in fassara?"

Shekara arba'in da ɗoriya yaron nan bai taɓa jin na yi ƙarya ba. Na ce, "Bari, ni zan faɗa da bakina." Na faɗa. Matar nan ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dai tambayi sana'ata don cike takarda. Na ce manomi ne.

Aka killace ni a ɗaki, ana ajiye mini abinci a bakin ƙofa. Washegari da safe Bashiru ya kira ni ta wayar ɗaki, ya ce uku daga cikin abokan tirena sun kwanta, kuma Sahabi ya fi kowa jin jiki. Yana da ciwon suga, ruwan jikinsa ya ƙare, an ɗaura masa ƙarin ruwa, har likita na shawarar ko a sauke shi a tashar da ta fi kusa. A nan kunya ta kau, tsoro ya maye gurbinta. Na zauna gaban 'yar taga ina kallon teku, ban ga teku ba. Sahabi nake gani yana ɗan shekara goma sha biyu, yana raba mini ƙanzo ranar da guzurina ya ƙare. Na yi ta tunanin da wane baki zan shiga Moriki in ce ni na tura masa ajalinsa da hannuna, a kan tsokar nama. Likita ya ce ba mai iya tabbatar da wanda ya shafa wa wani, cutar ta riga ta bazu a jirgi. Na gode masa, amma ni na san kwana biyun da na ɓoye.

Allah cikin rahamarSa Ya tashi kafaɗun Sahabi. Ranar da muka sauka Jidda na same shi a keken majinyata, ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Na tsaya a gabansa, na shirya dogon jawabin neman gafara, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Sahabi, ka yafe ni." Na miƙa masa hannu.

Ya dubi hannun, ya ɓoye nasa cikin riga. "Da sabulu ko da alwala?"

"Da sabulu, wallahi. Sau biyu."

"To kawo." Ya riƙe hannuna ya ƙi saki. "Na yafe maka zawo, Duba-gari, wannan ƙaddara ce. Abin da ban yafe ba shi ne wa'azin. Minti ashirin ka tsai da mu, har ina cewa a raina ashe mutumin nan ya yi hankali da tsufa."

Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi, Maryam ta juya baya tana gyara mayafi, kafaɗunta na rawa.

Abin da na koya, a shekarun da ya kamata a ce na gama koyo, shi ne doka tana da daɗin faɗa matuƙar cikin mai faɗar lafiya yake. Masu gidajen nan da na yi ta yi wa tsawa a zaurukan Zurmi ba mugunta ce ta sa su rantsuwa ba, abin da ya kama ni ne ya kama su, sai dai su ba su hau mumbari ba. Yanzu ko mura ta taɓa ni, tun daga ƙofar masallaci nake shelanta ta, har liman ya roƙe ni in rage.

Wanda ke shakkar labarin nan, shaidu na nan da ransu. Akwai Hajiya Rabi, wadda ba ta bukatar a tambaye ta kafin ta ba da shi. Akwai Bashiru, da Alhajin Maraɗi, da Malam Sahabi na Moriki, wanda ke ƙara wa wa'azin minti biyar duk shekara. Sai kuma surukata Maryam, wadda ta fi kowa gani da kyau, kuma har yau, Allah Ya yi mata albarka, take rantsuwa cewa ita lokacin idonta a rufe yake tana addu'a.