Yadda Ake Saka Dangi A Littafi A Kwana Lafiya

Kai da ka daɗe kana cizon biro labari ya ƙi zuwa, share hawayenka. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari littafi zai fito, sunanka zai hau bango, dangi kuma ba za su sake mantawa da kai ba. Hujjata maƙwabcina ne, wani malamin makaranta da ake kira Mai Jaka, saboda jakar littattafansa ba ta barin kafaɗarsa ko dubiyar mara lafiya zai je. Shi ya bi hanyar nan har ƙarshenta.

Mataki na 1: Daina wahalar ƙirƙira

Ƙirƙiro mutum daga babu aikin wahalallu ne. Me ya kai ka, alhali Allah ya ba ka dangi kyauta?

Mai Jaka ya daɗe yana neman masifaffiyar tsohuwa da zai sa a labarinsa bai samu ba. Rannan ya je gaida gwaggonsa, wadda ta goye shi tun rasuwar mahaifiyarsa. Tun daga ƙofa ta tare shi: "Kai, ɗan nema, wannan rigar gaba take yi da sabulu?" Ya tsaya baki buɗe. Ba zafin maganar ya ji ba, babi na ɗaya ya hango.

Riƙe wannan: marubucin ƙwarai ba ya ziyara, farauta yake fita.

Mataki na 2: Sauya suna, bar sauran

Suna kawai za ka taɓa. Ɗingishin Gwaggo, tarin da take yi kafin ta fara faɗa, kujerarta ta roba mai karyayyen hannu a bakin kicin, duk Mai Jaka ya kwashe su yadda suke. Da ya ga abin ya yi daɗi sai ya haɗa da yayansa, ya mai da shi mijin tace mai sanƙo, wanda ke ɓuya a mota yana jin rediyo in matarsa ta ɗaga murya.

Sannan ka rubuta a shafin farko cewa duk kamannin da aka gani dacewa ce kawai. Wannan layin laya ne. Bai taɓa tsare kowa ba, amma rataya shi.

Mataki na 3: Kashe wanda ya tsaya maka a hanya

Labari in ya cije, gawa yake so. A babi na tara Mai Jaka ya kwantar da tsohuwar, ya kashe ta cikin shafi biyu. Jarumin labarin, yaron da ta goya, bai zo jana'iza ba, yana can ana ba shi lambar yabo. Mai Jaka ya karanta wa kansa babin a gaban madubi, ya girgiza kai ya ce, "Kai, ni ma ina tsoron kaina."

Mataki na 4: Dogara da cewa ba mai karantawa

Wannan shi ne ginshiƙin sana'ar. Idon Gwaggo ya yi rauni, Yaya kuwa ko saƙon waya ya wuce layi uku sai ya ce a kira shi kawai. Don haka raba musu littafin da hannunka, ka sa hannu, a ɗauke ku hoto. Mai Jaka ya yi haka, sai dai ya manta da matar Yaya, wadda ko takardar cikin kwalin magani ba ta tsallakewa. Ta cinye littafin, ta ɗauke shi ta nufi gidan Gwaggo, ta zauna ta karanta mata da murya, har da kwaikwayon tarin.

Mataki na 5: Musanta

Yaya ya same shi a ɗakin malamai, gaban abokan aiki, ya dangwara littafin kan tebur.

"Wane ne mai sanƙon nan?"

"Yaya, ai adabi ne. Wannan yana wakiltar namijin zamani."

"Namijin zamani ne ke da lambar motata?"

In ka zo nan, kada ka nemi gafara. Gyara tabarau ka ce mutane ba su fahimci fasaha ba. Yaya zai daina amsa gaisuwarka, amma me? Duk babban marubuci yana da maƙiya, kai naka ma ciki ɗaya kuka fito.

Mataki na 6: In an aiko kiranka, je da hujjoji

Gwaggo ta aiko. Mai Jaka ya shirya jawabi a hanya, ya kuma shirya shan zagi, har yana tunanin zai tsinci wani abu don littafi na biyu. Ya same ta kan kujerar, littafin a cinyarta. Ba ta yi tari ba.

"Masifar da ka rubuta tawa ce," ta ce. "Ban musa ba. Da ita na raine ka."

"Gwaggo, ai ba ke ba ce..."

"Na kuma ji wai na mutu. Wannan ma ba ƙarya, tafe take. Abu ɗaya nake tambaya. Yaron nan, da aka ɗauki gawata, yana ina?"

Jawabin ya gudu. Ya ce, "Labarin ne ya buƙaci haka."

Ta daɗe tana kallonsa da idon nan da ya ce ba ya gani. Sannan ta miƙa masa littafin da hannu biyu. "To, malam. Allah ya ƙara basira."

Mataki na 7: Girbi abin da ka shuka

Daga ranar Gwaggo ba ta sake zaginsa ba. In ya je, sai ta sa a kai shi falo, a kawo masa ruwa a kofin baƙi, ta tambaye shi aiki da iyali, ta yi masa godiyar zuwa. Ya gwada zuwa da riga mai datti, ya zauna inda haske zai haska rigar. Ta duba, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, malam." Ya fito ya tsaya a bakin titi, ƙato da shi, yana goge ido da hannun rigar.

Littafi na biyu bai fito ba. Yakan zauna gaban farar takarda, ba murya ko ɗaya a kunnensa. Amma ka lura, sunansa na nan a bango, yadda na alkawarta.

Hattara

Mai wannan nasiha ba shi da hannu a duk abin da zai biyo baya, ko gaba, ko taron dangi, ko kofin baƙi. Kai ka riƙe biro, kai za ka riƙe sakamako. In abin ya cakuɗe maka, kada ka zo gidana neman shawara. Ina da mata, ina da surukai, ina da tumbi, kuma na san abin da ke kawo irinku gidan mutane.