Rasuwar Zinsu na Kunnen Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunne ɗaya da ya yi tsit, Sejro Kpadonu na unguwar Akpakpa a Kwatano, wanda ya karanta ilimin lantarki yake kuma cin abinci da acaɓa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da ɗaukacin 'yan acaɓa masu riga ruwan ɗorawa rasuwar Zinsu, iyafis ɗinsa, 'yar na'urar jin sauti marar igiya, na kunnen dama. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi a bakin ƙofar tashar jiragen ruwa, yana tsakiyar aiki, maganar da ya ɗauko ba ta kai ƙarshe ba.

Kafin a yi nisa, iyali na neman gafarar Tanti Akuavi, ƙanwar mahaifiyar mai makoki, wadda ta haifi tagwaye ta binne ɗaya. Ita ta raɗa wa marigayin da ɗan uwansa na hagu suna Zinsu da Sagbo, sunayen da ake ba tagwaye a nan, ranar da aka buɗe kwalinsu ta gan su kwance kai da kai a gida ɗaya. Da labarin ya iske ta, cewa ta yi, "Kul na ji ka ce ya mutu, Sejro. Bokonka bai kai nan ba. Ɗan tagwaye daji yake tafiya neman itace." Mai makoki ya ji, ya kuma girmama. Sai dai shi ya san abin da ke cikin marigayin. Batir ne, batir kuwa ba ya zuwa daji, kuma wannan halin namu na lulluɓe gaskiya da magana mai laushi shi ya ajiye ƙasar nan inda take.

Marigayin bai fi gyaɗa mai ɓawo girma ba, amma a gidansu shi ne mai ɗaukar nauyi. A irin nasu, na dama kaɗai ke magana da waya. Waya takan mai da sauti lambobi, ta ƙulle su ƙunshi-ƙunshi, ta watso ta iska a kan zangon rediyon da ake kira bulutut. Zinsu ya cafe, ya kwance, ya mai da su 'yar wutar da ke kaɗa wani siririn tantani a gaban maganaɗisu. Tantanin ya motsa iska, kunne ya ji kiɗa. Kuma bai taɓa cin rabonsa ba sai ya miƙa wa Sagbo nasa. A cunkoson kasuwar Dantokpa, inda wayoyi ke ihu a iska ɗaya ba iyaka, shi da wayar ubangidansa sukan yi ta tsalle tare daga zango zuwa zango, da saurin da ƙiftawar ido ba ta kamo shi, don kada maganar wani ta gauraya da tasu. Ya sha gumi a ƙarƙashin hular kwano, ya sha gishirin iskar teku, bai taɓa ƙorafi ba. Kuma shi mai kamun kai ne. Ba ya sauraron wayar da ba a gabatar masa da ita ba.

Ba mai yawan magana ba ne. Da muryar wata baƙuwar mace da ba wanda ya taɓa gani, yakan ce "An haɗa" da safe, ya ce "Caji ya yi ƙasa" da la'asar. Sauran duk maganar mutane ce yake kawowa, ba ƙari ba ragi. Ya kawo ta fasinjoji, masu kiran mai makoki Fofo, wato yaya: "Fofo, kana ina ne? Na yi saiwa a nan!" Ya kawo ta Fifame, tela a bayan Dantokpa, wadda iyayen mai makoki suka riga suka je gidansu gaisuwar neman aure da kwalaben abin sha da kowa ya shaida: "Minista, ka gama gyaran ƙasar, ko in hau wani babur?" Minista take kiran mai makoki saboda yakan yi wa fasinja bayanin toshewar kwata da fetur ɗin kwalba tun daga hawa har sauka, alhali wani ne ya kamata ya yi, ba wanda yake yi.

Kowace safiya mai makoki ke haye gada da Fifame. Zinsu a kunnensa, Sagbo a nata, waƙa ɗaya. In ta sauka ta manta ta yi gaba da Sagbo, ba ta nisa sai kiɗan ya fara yankewa, don na hagu ba ya jure rabuwa da ɗan uwansa. Sai ta dawo da gudu tana dariya. "Karɓi ɗanka, ya fara shaƙewa." Iyali na son a tuna da marigayin a wannan halin.

Ciwon ajali ya samo asali ne daga wani biki a Porto-Novo. Fifame ta ari tagwayen duka biyu don hanya. Ba a babur ta tafi ba. Motar Gildas ta shiga, mai fito da kaya daga kwastan, ɗan ajinsu tun firamare, mai mota mai sanyi da dariyar da ake ji daga tsallaken titi. Tagwayen sun dawo lafiya a ido. Sai dai da mai makoki ya zo goge ragar bakin Zinsu, ya tarar da dauɗar kunnen da bai gane ba.

Bayan 'yan kwanaki ya sauke fasinja a ƙofar tashar jiragen ruwa, ya buɗe akwatin caji, ya saka Zinsu. "An haɗa," in ji marigayin. Amma wayar da ke aljihun mai makoki ba ta motsa ba. Sai ga wani kiɗa ya cika masa kunne, irin na masu kuɗin da ba su da ɗanɗano. Ya ɗaga kai. Gildas ne a tsallake, jingine da motarsa, yana jijjiga waya yana mamakin yadda ta kurmance.

Jama'a su fahimta. Irin marigayin, da an fito da shi daga gidansa, yakan nemi wayoyin da ya sani ya kama wadda ta fara amsawa. Kuma sani ba ya zuwa da kuskure. Sai an danne shi an riƙe har fitilarsa ta fara ƙiftawa, an shiga waya an nemo sunansa, an taɓa, an jira. Aiki ne na mutum biyu da suka sunkuyar da kai wuri ɗaya, a kujerar gaba, wataƙila gilas a rufe. Wani ya gabatar da Zinsu ga wayar Gildas, Zinsu kuma ya riƙe sunanta a ransa. Da aka ba shi zaɓi tsakanin wayar da ta ci da shi ta sha da shi da wadda ya sani kwana biyu kawai, kowa ya ji wadda ya zaɓa.

Kosi, abokin aikin mai makoki, ya ba da shawara. "Fofo, kai fa injiniya ne. Danne shi ka goge masa ƙwaƙwalwa, kowa ya huta. Ko kuwa ka je ka tambaye ta mana. Ko dai daɗin gulmar kake ji?" Mai makoki bai goge ba, bai kuma tambaya ba, domin mai ilimi ba ya tuhuma sai da hujja. Ya dai koma tsayawa a ƙofar tashar da hantsi, saboda akwai fasinja a wurin. A nan marigayin ya kawo masa abubuwa da dama da bai nema ba: rigimar kwantena, saƙon mahaifiyar Gildas a kan maganin ƙafa, da wannan kiɗan. Sagbo na kwance a akwati, don kunnen da ya saba da shi ba ya nan. Zinsu shi kaɗai ya yi ta wannan tsaron, ya cika ya zube, ya cika ya zube, har cajinsa ya koma ba ya wuce tsawon shan shayi ɗaya.

Ranar Talatar, ya riga ya ce "Caji ya yi ƙasa" sau biyu. Sai Gildas ya taɓa wani saƙon murya, muryar Fifame ta haye titi ta faɗo kunnen da ba a aiko ta gare shi ba.

"Gildas, barka da aiki. Na ji saƙonka, na kwana da shi a raina. Ka san Minista, ka san halinsa, mutumin da zai tsayar da babur a tsakiyar gada ya yi wa kwata wa'azi. Mama ma ta ce in yi tunani, wai mota mota ce. To, na yi. Abin da zan gaya maka shi ne, ni dai..."

Ƙara uku, kowace ƙasa da ta gabanta. Shi ke nan.

Sautin ya koma wayar mai shi. Gildas ya kara ta a kunne. Wata tirela ta ratsa tsakani, da ta wuce sai ga shi yana dariya. Amma Gildas ko kwastan ta riƙe masa kaya dariya yake yi, don haka iyali ba su ɗauki wannan a matsayin shaida ba. Mai makoki ya fizgo Sagbo ya cusa a kunne. Shiru. Sagbo bai san yadda ake magana da waya ba in babu ɗan uwansa.

An yi iya ƙoƙari. Mai makoki ya fi kowa sanin cewa iyafis ba ya ajiye magana, ƙunshin da bai iso ba bai iso ba. Duk da haka ya zaga da marigayin rumfunan masu gyara ɗaya bayan ɗaya. Amsar ba ta canza ba. "Fofo, wannan ai ba a buɗe shi, gam ne. Jefar ka sayi sabo, kaya sun shigo jiya." Jefar! Tantaninsa lafiya, maganaɗisunsa lafiya, ƙwaƙwalwarsa ma lafiyarta ta yi yawa. Batir ne kawai, ɗan abin da bai kai ƙwayar wake ba, aka liƙe shi da gangan don ranar da ya gaji sauran sassan duk su bi shi. Can aka ƙera shi da ranar mutuwarsa a ciki, nan kuma muka karɓa muna godiya. Muna da matasan da suka iya haɗa waya da dalma, suna yawo da fasinja a rana. Muna jefa gawar batir a kwata, ruwan sama ya kai ta tafki, kifi ya sha, mu ci kifin da tuwon akasa mu ce Allah ya kawo ciwo. Wanda ya yi magana a ce masa Minista. Mutanen da suka saba jefar da abu don kawai sabo ya shigo gari, wa ya san inda halin zai tsaya?

Marigayin ya bar ɗan uwansa Sagbo, wanda bai ce uffan ba tun ranar. Ya bar akwatin caji, mai kunna fitila har yanzu don gadon da babu kowa. Ya bar wayar ubangidansa, wadda ta yafe masa. Akwai kuma wata waya da ke iƙirarin dangantaka da shi, iyali ba su san ta ba. Tanti Akuavi ta sa an sassaƙa ɗan guntun ice daidai siffarsa, ta kwantar da shi kusa da Sagbo kamar yadda ake yi wa tagwaye. Mai makoki ya ce wannan ci baya ne, ya roƙa kada manjan da take shafa wa icen ya kusanci ƙarafan caji. Akwatin yana aljihunsa na ƙirji.

Tun ranar rasuwar mai makoki bai ɗauki kiran Fifame ba, saboda yana cikin makoki. Bai haye gada da ita ba, bai kuma san wa ke hayewa da ita ba. Jiya ta aiko ta'aziyya ta hannun Tanti, ɗan ƙunshi da saƙon baki, wanda Tanti ta isar a gaban maƙwabta ba ta rage komai ba.

"Ki ce wa Minista na ji abin da ya samu ɗansa. Na kuma ji inda yake tsayawa da hantsi, don Kosi bakinsa ba ya rufuwa. Mutum ya iya sauraron wayar wani, ya kasa ɗaukar tawa! Ga wannan, igiyarsa gajera ce, in yana son jin abu sai ya matso. Ranar jana'iza zan zo in ƙarasa masa maganar da ta yanke da bakina, in zai iya yin shiru."

A cikin ƙunshin iyafis ne irin na dā, mai igiya. Mai makoki ya duba shi a hasken rana. Ledarsa a liƙe take, bai taɓa shiga kunnen kowa ba. Ana dai ci gaba da binciken motar da ta kai ta kasuwa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, a gindin mangwaron tashar 'yan acaɓa ta Akpakpa. Ba za a jefa marigayin a kwata ko tafki ba. Za a sa shi a durom ɗin da mai makoki ya kafa don tara matattun batura, shi ne zai fara shiga, kuma duk mai gawa a gida ya zo da ita. Tanti za ta raba wake da manja, abincin tagwaye. Ana roƙon mahalarta su kashe bulutut tun daga bakin titi. Babu wurin ajiye mota. Jawabin mai makoki a kan gam, wanda aka shirya zai kai azahar, an soke shi bisa sharaɗin da aka gindaya masa. An tanadi benci ɗaya a gaba, na mutum biyu. Mai makoki zai zauna a gefen dama, bakinsa a rufe.