Buhun Takin da Na Riƙe a Karaye

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da mutanen Jajaye suka tura ni Karaye, lokacin yankinmu na Rogo bai samu ƙaramar hukumarsa ba. Taki bai iso mana ba, dawa duk ta ɗashe. Aka ce tunda na yi firamare, ni zan tsaya gaban kantoma in kai kukanmu. Na amsa ina hura hanci (Allah Ya yafe mini).

Na tarar da sakatariya cike, ga mota da buhuna, ga ɗan jarida da kyamara a wuya. Ni kuwa tun ina yaro abin nan yake ɗaure mini kai: ta yaya mutum yake shiga cikin takarda? Na matsa ina leƙe.

Ɗan jaridar ya ce, "Malam, manomi ne kai? Daga ina?"

Na ce, "Jajaye."

"Yauwa, zo ka kama nan."

Buhun taki ne, kantoma ya riƙe kunne ɗaya, ni ɗaya. Aka ce in ɗan murmusa, na wangale baki, hankalina duk yana kan inda wutar za ta fito. Tana haskawa aka zare buhun aka mayar mota, kantoma ya shige ofis. Kukanmu ko kalma ban furta ba. A gida na ce sun ce za su duba (ƙarya nake).

Rannan muna zaune a ƙofar masallaci sai Idi tela ya dawo daga Kano da jarida. Ya baje ta, ya karanta da ƙarfi: manoman Jajaye sun karɓi taki, suna godiya. Ga ni nan a sama, baki har kunne.

Kawu Sale, yayan mahaifiyata, ya daɗe yana kallon hoton. "Ɗan nan, ina ka kai mana shi?"

"Wallahi Kawu, riƙewa kawai na yi."

"To ai da ka riƙe da kyau!"

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Waɗanda ba su yi ba har rumbuna suka leƙa. Daga nan ko gaisuwar mutuwa ba a ƙara wakilta ni ba.

Har yau ina mamakin yadda hoton gaskiya ne, ni ne, buhun ma na gaske ne, amma layi ɗaya a ƙasa ya mai da ni ɓarawo. Shi ya sa in na ga shugaba a jarida yana miƙa wa wani kaya, ba na kallon shugaban. Mai karɓar nake kallo, in ce: bawan Allah, ka kai shi gida kuwa?