Ranar da Na Yabi Matar Bature

A shekarun da gyaɗa ke tashe a Magariya, na sa wa raina sai na zama tafinta. Ingilishin da na iya kuwa kalma ɗaya ce tak, wadda wana Idi ya kawo mini daga Kano, inda yake wa wata Baturiya kuku. Ya ce duk sanda ta ɗanɗana miyarsa sai ta ce "disgastin," wato madalla.

Nakan kishingiɗa gindin tsamiya ina tsotsar kalmar kamar alewa, ina hango kaina cikin farar riga bisa keke, kwamandan da kansa yana aikowa a kira ni.

Ran nan wani Baturen Ingila ya tsallako iyaka sayen gyaɗa, da tafintansa. Ina ɗora buhuna a kan sikeli sai ya buɗe jaka, na hango hoton wata mace. Da ya ga ina kallo, ya miƙo mini yana murmushi.

Na dafa ƙirji, na lumshe ido, na ce, "Disgastin!"

Fuskarsa ta yi ja wur. Na zaci daɗi ne, na maimaita da ƙarfi.

Tafintan ya ja ni gefe. "Malam, cewa fa ka yi matarsa abin ƙyama ce."

Da buhuna a ka na koma Bande, labari ya riga ni isa. Har yau in maiɗakina ta ajiye mini tuwo, sai ta tsaya ta ce, "Maigida, in za ka yaba, don Allah da Hausa."